Kai ne Ranarta, Kai ne Inuwarta

Ƙannena, a 'yan watannin nan mutum uku daga cikinku sun turo mini bidiyo iri ɗaya. Ɗaki ne fes, bangonsa duka kanta ce tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane hawa da robobi jere kamar durowar mai sayar da magani. Wani Ba'amurke ya jawo roba ɗaya, ya ɗago wata ƙaramar mesa fara mai zanen ruwan ɗorawa, ya faɗi kuɗinta da dala. Tambayar da kuka biyo ni da ita ɗaya ce: Yaya, ta yaya ake haɗa wannan kantar? Kun san na yi shekaru ina aikin wayarin a Amurka, kuma hannuna ya taɓa haɗa irinta, don haka zan gaya muku yadda ake yi. Zan haɗa muku har da abin da bidiyon ba ya nunawa, domin shi ne ya hana ni barci wani dare da har yau ban manta ba.

Ku fara sanin wadda ake yi wa ginin. 'Yar ƙasarmu ce. Masana suna kiranta Python regius, Amurkawa kuwa sun laƙaba mata sunan ƙwallo, saboda idan ta tsorata ba kasafai take kai sara ba, sai ta dunƙule ta cusa kanta tsakiyar jikinta. Ba ta da dafi, kuma da wuya tsawonta ya wuce mita ɗaya da rabi. Mazauninta ya taso daga Senegal, ya ratsa Ghana da Togo da Benin da Nijeriya da Kamaru, har Yuganda. Da rana tana kwance a ramin ɓera ko cikin shuri, da dare ta fito neman abinci. Daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa ƙetare, dubu-dubu kowace shekara, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washington a 1973, wadda ta hana a ƙetara iyaka da ita sai da takardar izini. A can ne sha'awar launi ta kama mutane. A 1992 Bob Clark ya ƙyanƙyashe zabiyarta ta farko a hannun masu kiwo, a 1997 Peter Kahl ya fitar da mai dabbare-dabbaren fari, daga nan kasuwa ta buɗe, har ta kai ana cika manyan dandalin baje koli da ita a Daytona ta jihar Florida da garin Hamm na Jamus. To, mai maciji ɗari a ƙasar da ƙanƙara ke zuba ba zai iya ba kowanne akwatin gilashi da fitilarsa ba. Wannan larura ce ta haifi kantar.

Na fara ganinta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani abokin aikina a jihar Ohio, cikin watan Janairu, waje ya daskare har numfashi yana hayaƙi. Ya jawo roba ya ce in sa hannu can ciki ta baya. Na ji ɗumi irin na gindin murhu bayan an sauke tukunya da jimawa. Na dawo da hannuna gaba, na ji sanyi-sanyi kamar gefen randa. Mesar tana naɗe a tsakani, tana fito da harshe. Ya ce uwarta daga Togo aka kawo ta. Na daɗe ina kallonta, ni da ita duk baƙi a wannan sanyi.

Wannan bambanci da tafin hannuna ya ji tsakanin gaba da baya, shi ne dukan ilimin kantar. Ni da ku da akuya da kaza jikinmu yana hura wutarsa da kansa daga abin da muka ci. Maciji da ƙadangare da kunkuru aro suke yi. Kun sha ganin ƙadangare a kan katanga da hantsi yana shan rana, idan ta take ya koma tsagar bango. Ba wasa yake ba, zafin jikinsa yake gyarawa da ƙafafunsa. Haka mesa take yi a dawa: ta matso bakin rami idan tana son ɗumi, ta nutsa can ƙasa idan ya yi mata yawa. Da ɗumin nan take narkar da abinci, da shi jikinta yake yaƙar cuta. Idan ta haɗiye ɓera sanyi ya kama ta, abincin yakan ruɓe a cikinta ta amayar da shi, ko ciwon huhu ya shige ta ka ji tana numfashi da ƙara, majina a baki. Ranar da ka sa ta a roba ka tura cikin kanta, ka karɓe mata rana, ka karɓe mata inuwa, ka karɓe mata tafiyar da take yi tsakaninsu. Duk ukun sun dawo wuyanka. Shi ya sa ake ɗumama kashi ɗaya cikin uku kawai na ƙasan robar, ta baya, ya tsaya tsakanin digiri 31 da 33 a ma'aunin Salsiyos, gaba kuma a bar shi wajen 25 zuwa 27. Wanda ya ɗumama ƙasan robar duka, ko da da kyakkyawar niyya, ya toshe mata mafaka.

Aikin kafintan ba shi da wuya. Ku sayi robobin tukuna kafin ku yanka katako ko ɗaya, don a kan roba ake auna kanta. Jariri yana zama a roba mai cin lita 6, babba kuma an saba sa shi a mai cin kusan lita 40, tsawonta wajen santimita 85, faɗi 40, zurfi 15. Robar ba ta da murfi. Hawan da ke samanta shi ne murfinta. Saboda haka tazarar da ke tsakanin bakin roba da allon sama ba za ta wuce milimita 3 ba. Dabarar da na koya ita ce a ɗora tsofaffin faifan CD biyu a kan kowace kusurwa ta robar, a aza allon a kai, a ɗaure shi, sannan a zare faifan. Idan tazarar ta matse, robar za ta riƙa cijewa kana fizga kana firgita dabbar. Idan ta yi faɗi, kun dai san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mesa ta fi ƙadangare naci da ƙarfi. Da hanci take tura abu har ya ɗaga. Allon garin katako mai farar fuska yana da araha, amma yana da nauyi, kuma da ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura ya fara marmashewa. Allon roba na PVC ya fi tsada, bai damu da ruwa ba, ana wanke shi tas. A huda ƙananan ƙofofin iska a gefen robar da ƙarfen soda, a goge bakinsu kada su yi kaifi. A shimfiɗa takarda ko ɓawon kwakwa, a sa kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba, da maɓoya biyu, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, don kada tsoro ya tilasta mata zaɓen zafin da ba ta so.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne wuta. Abin da aka fi amfani da shi a Amurka wata leda ce mai kaurin fim ɗin hoton asibiti, da baƙaƙen layuka a kwance a cikinta, da zirin jan ƙarfe biyu a gefe da gefe. Sanannen sunanta a kasuwa Flexwatt, tana zuwa da faɗin inci 3 ko 4 ko 11. Baƙaƙen layukan ne suke ɗaukar zafi idan wuta ta ratsa su. Ana shimfiɗa ta a bayan kowane hawa, an fi so a ɗan rarake mata gurbi a jikin allon, domin roba mai shiga da fita kullum tana cinye ledar a hankali har jan ƙarfen ya fito fili. Ba a ninka ta, ba a ɗora wata kan wata, ba a buga mata ƙusa a kan layukan. Duk inda almakashi ya yanke ta, a rufe bakin jan ƙarfen da kyau, ciki har da ƙarshen da ba a jona waya ba, wanda shi aka fi mantawa. Mahaɗar waya da leda ita ce wurin da gobara ke farawa: idan ta yi sako-sako sai ta riƙa tartsatsi a ɓoye bayan kanta, inda babu idon da ke kaiwa. Wanda bai iya wayarin ba ya kira wanda ya iya, ya biya shi. Kuma ku duba ƙarfin wutar da aka yi ledar dominsa. Ta Amurka an yi ta ne don bolt 120, wutar Nijeriya da Nijar da Ghana da Turai kuwa tana wajen 230. Idan ka yi odar ta Amurka ta intanet ka jona ta kai tsaye a soket ɗinmu, zafin da za ta fitar ya kusa ninki huɗu.

Ledar ba ta da hankali. Muddin akwai wuta za ta yi ta zafi. Mai tsawata mata ita ce na'urar daidaita zafi, wadda take da wata siririyar waya mai ɗan kai a ƙarshe, ni harshe nake ce masa, don da shi take ɗanɗana zafin. Ana manna harshen a kan ledar, na'urar ta karanta, idan zafi ya kai inda aka saita ta yanke wuta. Akwai mai kunnawa da kashewa kawai, akwai mai rage wutar sannu-sannu ta riƙe zafin wuri ɗaya, wannan ta biyun ta fi. Ko wacce kuka saya, ku sani duk abin da ta sani game da duniya a bakin harshen nan yake.

Abokin nan nawa ya roƙe ni in haɗa masa sabuwar kanta mai hawa bakwai. Na yi aikin tsaf, kowace mahaɗa na gwada ta sau biyu. Da na zo manna harshen sai na ga salatif ɗin alminiyom ya ƙare, dare ya yi, na gaji. Na ciro baƙin salatif na wayarin daga aljihu na manna, na ce gobe zan canza. Goben ta zama sati uku. Zafi ya narkar da danƙon a hankali, wani dare harshen ya saɓule ya faɗa bayan kanta, yana lilo a iskar ɗakin mai sanyi. Na'urar ta ga digiri 20, ta ɗauka ledar ce ta huce, ta sakar mata wuta gaba ɗaya har wayewar gari. Da asuba ya kira ni. Na tarar da shi a tsugune, robobi bakwai a zube a ƙasa, ɗakin yana warin roba mai zafi. Shida sun matsa gaba sun manne da bangon roba, sun tsira. Ta bakwai, wata babbar mace da ta ci abinci kwana biyu kafin nan, ba ta bar wurin ɗumin ba. Ya juya ta a hankali. Cikinta da ya kamata ya zama fari sumul ya yi jajur, ɓawon ya tattare kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun. Da kare ne da ya yi haushi, da akuya ce da unguwa ta ji. Ita ta kwana tana ƙonewa, mu muna barci, ba ta da muryar da za ta kira kowa. Likitan dabbobi ya yi ta wanke ciwon, sai da ta yi saɓa uku kafin ya rufe, tabon kuma bai tafi ba. Laifin nawa ne, na salatif ɗin da bai kai kuɗin kofin shayi ba.

Tun muna allo aka karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. A daren ranar na gane nauyinsa yana kan kullewar. Hukuncin ajiye maciji a gida kuwa na malamai ne. Ku je gare su kafin ku je wurin kafinta.

Daga ranar ban ƙara haɗa kanta da na'ura ɗaya ba. Ina sa ta biyu a bayan ta farko, da nata harshen dabam, a saita ta sama da digiri biyu ko uku, ta yadda idan ta farko ta yi kuskure ta biyun za ta yanke wutar. Harshe da salatif ɗin alminiyom ake manna shi, a ƙara ɗaure wayarsa a jikin allo don kada nauyinta ya ja shi. A rataya ƙararrawar hayaƙi a ɗakin. A mallaki ɗan ma'aunin nan mai kama da bindiga wanda ake haska wuri ya faɗi zafinsa, a riƙa auna cikin robar, daidai inda cikin dabbar yake taɓawa, a kowane hawa, domin zafi sama yake tashi, hawan ƙoli yakan fi na ƙasa ɗumi ko da leda ɗaya ce ta ratsa su.

Waɗanda kuke Kano ko Damagaram ko Maraɗi, ku lura wannan kanta maganin sanyin Ohio ce. A bazararmu, da zafi kan wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano zai kashe mesa a cikin roba ba tare da an kunna komai ba, kuma na'urar daidaita zafi ba ta sanyaya wuri, iyakarta ta kashe leda. A nan aikinku neman sanyi ne. Hunturu kuma yana zuwa da sanyin dare da bushewar iska, ita kuwa tana son danshi wajen kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, fiye da haka lokacin saɓa. Idan iska ta bushe saɓar takan maƙale mata a ido da kan wutsiya. Ga ɗauke wuta. Babbar mesa za ta jure dare ɗaya, ƙwai ba lalle ya jure ba.

Yanzu bari in faɗi abin da masu sayarwa ba sa son ji. Mesa mai tsawon santimita 120 ba za ta iya miƙewa a roba mai santimita 85 ba, ba za ta hau komai a zurfin santimita 15 ba, hasken kirki kuma ba ya shiga. An daɗe ana cewa ai a rami take zama, roba ta ishe ta. A rami take wuni, gaskiya ne, amma da dare fita take yi. A 2021 masu bincike a jami'ar birnin Munich ta Jamus sun kwatanta halayen waɗannan macizai a kanta da kuma a babban akwati mai rassa da maɓoya da haske. Na babban akwati sun nuna halaye iri-iri, suna hawa, suna shan ɗumin fitila, suna shiga ruwa. Na kanta sun fi yawaita abin da ba na lafiya ba, irin yawan tura baki a jikin bango. Ni dai a ganina kanta tana da wurinta: renon jarirai a watannin farko, keɓe sabon zuwa, jinyar marar lafiya. Amma dabbar da ke rayuwa shekara 20 zuwa 30, wadda ma aka ga 'yar'uwarta mai shekara 62 ta yi ƙwai a gidan namun daji na St. Louis a 2020, zuciyata ba ta yarda a ce ta ƙare dukan kwanakinta a durowa ba. Idan dole sai kanta, ku nemi roba mafi girma da tsayi da za ku iya samu, ku rage yawan hawa. Hawa huɗu masu yalwa sun fi goma matsattsu.

Batun hayayyafa, wanda na san shi ne ya ja hankalinku, ku yi lissafinsa da baki maimakon dala. Ba a haɗa mace da namiji sai ta kai wajen gram 1,500, abin da kan ɗauki kusan shekara uku. Tana yin ƙwai 4 zuwa 10, galibi wajen 6, su yi kwana 55 zuwa 60 a digiri 31 zuwa 32 cikin danshi. Ba a juya su kamar na kaza. Yadda aka same shi haka ake ajiye shi, har akan sa alama da fensir a samansa. Mata shida masu ƙwai shida-shida baki 36 ke nan, kowanne da robarsa, kowanne da ɓeransa duk sati, ko an saya ko ba a saya ba. Launin da aka sayar a kan dubban daloli farkon fitowarsa, yau da kowa ya hayayyafa shi 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa. Kuma ba kowane kyau ne lafiya ba. Akwai mai zanen saƙar gizo, wadda ƙwayar halittar da ta ba ta zanen take zuwa da rawar kai da rashin daidaito, wata har takan kasa saitin abincinta. A 2018 ƙungiyar IHS ta masu kiwon macizai a Birtaniya ta hana sayar da ita a tarukanta. Kada ku hayayyafa irin wannan ko nawa za a ba ku. Kada kuma ku saki wanda ya gagara sayuwa a ƙasar da ba tasa ba: mesar Burma da ta kuɓuce daga hannun masu kiwo ta cika fadamun Everglades a Florida tana cinye namun dajin wurin, har Amurka ta hana shigo da ita a 2012. Ku binciki dokar garinku ma, don a birnin New York, inda 'yan'uwanmu suke da yawa a unguwar Bronx, an hana ajiye mesa a gida kowace iri.

Kusancin robobi yana sa cuta ta yi saurin zagawa. Sabon zuwa a keɓe shi a wani ɗaki na wata uku, da kayan aikinsa dabam, a duba shi da kyau ko yana ɗauke da 'yan ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu kama da kaska, waɗanda ke ɓuya a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. Ku wanke hannu da sabulu duk lokacin da kuka taɓa dabbar ko robarta, domin masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau. Saboda yaran da ta kwantar ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ƙoƙon bayansu bai kai inci 4 ba tun 1975. Kada a wanke kwanonsu inda Inna take wanke kwanukan abinci, kada a bar ƙanƙanan yara su yi wasa da su.

Idan kun gama ginin, kada ku sa komai a ciki. Ku kunna ta, robobi wayam sai shimfiɗa da kwanon ruwa, ku bar ta sati guda. Ku sami ɗan littafi, ku auna gaba da bayan kowace roba bayan sallar asuba da bayan azahar da kafin ku kwanta, ku rubuta. A rana ta huɗu ku ɓamɓare harshen na'urar farko da gangan, ku zauna a wurin da ma'auni a hannu, ku gani da idonku ko ta biyun za ta yanke wutar. Sai lambobin sati sun daidaita sannan ku kawo mesa ɗaya, wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo kuma kuka ga tana cin abinci. Ku riƙe ta ita kaɗai ta ga hunturu da bazara da damina a hannunku, sauran hawan su jira.